Hutun Wata Huɗu

Faskari,
Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Hajaratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Kankara. Mu nan sai godiyar Allah.

Tun da aka ɗauke sabis ban ji muryarki ba, shi ya sa na ce bari in rubuta in ba Rabo direba, tunda ta ƙofar makarantarku yake wucewa. Rabona da rubuta wasiƙa tun muna sakandare, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Na koma aiki. Na san za ki yi faɗa, shi ya sa na fara da shi. Ko arba'in ban yi ba. Kin san yadda aikinmu yake a cibiyar yara masu tamowa: ƙungiyar da ta ɗauke mu kwantiragin wata uku-uku take ba mu, in ya ƙare a sabunta. Nawa ya ƙare ina cikin jego. Hajiya Nana Khadija, shugabar cibiyar, ta aiko mani cewa in ban zo na sa hannu na kama aiki ba, babban ofis zai ba wata gurbina, kuma ita ba ta da yadda za ta yi. Babu hutun haihuwa a tsarinmu. Wadda ta haihu ta zauna, ta bar aiki ke nan.

Zailani bai yi noma bana ba, gonar tana bakin daji, ba mai shiga. Da shi da mahaifiyarsa Inna da ƙannensa, duk albashina ake jira. Da na faɗa mashi saƙon Hajiya bai ce je ki ba, bai ce zauna ba. Ya dai tashi ya nemo mani mota.

Sadiq yana Sabuwa wurin Inna. Ba a yarda mu shigo da jarirai cibiya ba, saboda yaran da ake kawowa da ƙyanda da tari da gudawa, kuma babu wani ɗaki na daban. Ɗakin hayarmu ni da Hafiza, abokiyar aikina, a kulle yake wuni. Inna tana ba shi madarar gwangwani. Ina tafiya Juma'a in dawo Lahadi.

Kullum da safe ni ke tsayawa gaban iyaye mata in gaya masu nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba yaro. Ina faɗa suna gyaɗa kai. Daga nan sai in shiga bayan ɗakin ajiya in tatse nawa in zubar, in dawo in ci gaba da awon damtsen yara.

Ba na jin ciwo sosai, sai dai baya. Ki gaida Malam, ki shafa mani kan Ummu Salma.

Ƙanwarki,
Suwaibatu.


Kankara,
Satumba, 2021.

Suwaibatu,

Wa'alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, kowa lafiya, Malam yana amsawa.

Na karanta takardarki a ofishin malamai, sai da na fita waje na sake karantawa. Ashe da gaske kike. Ɗanyen jego, ba wanka, ba kunun kanwa, ki hau motar Sabuwa zuwa Faskari a wannan hanyar? Da Mama tana da rai da kanta za ta zo ta kamo hannunki. Ba zan tsawaita faɗa ba, don na san gidan da kike ciyarwa, amma ki sani raina ya ɓaci.

Ni da na haifi Ummu Salma wata uku na yi a gida, albashina bai tsaya ba, kuma da na koma ana barina in fita in shayar. Ba don hedimasta yana sona ba, don a rubuce yake. Ku me ya hana a rubuta maku? Masu koya wa mata shayarwa su ne ba su san mai aikinsu tana haihuwa ba?

Ga abin da za ki yi. Ku mata nawa ne a wurin? Ki tara su, ku rubuta takarda ɗaya, kowa ta sa hannu, kada ki yarda ki zama ke kaɗai. Ku nemi hutun haihuwa da albashi. Ku nemi ɗakin da za a ajiye jarirai nesa da marasa lafiya, da mai raino. Ku nemi a tsawaita kwantiragin, don wannan wata uku-ukun shi ne igiyar da aka ɗaure ku da ita. Kuma ki bincika mani: na ji an ce mazan da ke fita ƙauyuka ana ba su alawus ɗin hanya, ku ba a ba ku, alhali mota ɗaya kuke shiga. In gaskiya ne ku sa shi ciki. Ku yi ladabi a rubutun amma kada ku yi roƙo.

Sai maganar Sadiq. Inna ta tsufa, idonta ma ba ya gani sosai, kuma ruwan rijiyarsu kin san shi. Ki kawo mani shi nan. Maƙwabciyata tana goyo, za ta taimaka, kuma Kankara ta fi maki kusa. Ki yi wa Zailani magana.

Na ba Rabo yajin jego da ƙullin kanwa. Ki sha, ko ba kya so.

Yayarki,
Hajaratu.


Faskari,
Oktoba, 2021.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Saƙo ya iso.

Mun rubuta takardar. Hafiza ce ta rubuta da hannunta, don ita ma cikinta ya fito, tana ta ɓoye shi da babban hijabi. Mata biyu sun ƙi sa hannu, sun ce suna tsoron sabunta kwantiragi. Ban ga laifinsu ba. Maganar alawus gaskiya ce, mun sa.

Hajiya Nana Khadija ta karanta a gabanmu. Ta cire tabarau ta ce, "Zan tura. Amma ku sani ni ma wata uku-ukun nake." Ta ce sai mai zuwa Katsina ya samu, tunda ba sabis. Ba mu sake jin komai ba.

Na yi wa Zailani maganar kawo maki Sadiq. Ya ce Inna ba za ta ji daɗi ba, za ta ga kamar an ce ba ta iya ba. Ya ce a bari yaron ya ƙara ƙwari. Na bar maganar.

Juma'a biyu ke nan ban je ba. Ta farko an ce mutanen daji sun tare hanya, direbobi suka ƙi tashi. Ta biyu an kawo mana yara da yawa daga ƙauyukan da aka tasa, wajen Mairuwa, aka ce ba mai tafiya. Akwai wata yarinya da na ɗora kan sikeli, allurar da ƙyar ta motsa. Uwarta ta tambaye ni ko ina da ɗa, na ce eh. Ta ce Allah ya raya, na ce amin.

Nonon ya fara ja baya. Zuwan da na yi na ƙarshe Sadiq ya ƙi kamawa, ya saba da bulumboti. Na riƙe shi yana kallon Inna. Ya yi kumatu kaɗan, gashinsa irin na Baba ne.

In Allah ya yarda wannan Juma'ar zan je, ko da ta Funtuwa zan zagaya.

A gaida kowa.

Suwaibatu.


Faskari,
Nuwamba, 2021.

Yaya Hajaratu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya.

Sadiq ya rasu. Watakila labari ya riga takardar nan isowa, amma gara ki ji daga gare ni.

Ranar Talata ya rasu, ni kuma sai Juma'a na sani. Na zagaya ta Funtuwa kamar yadda na ce, na tsaya na saya mashi hula da safa, don sanyi ya fara. Da na sauka a bakin layinmu na ga tabarmi a jingine a ƙofar gida, na ɗauka Inna ce ta yi shanya. Wata maƙwabciya ta gan ni ta koma ciki da sauri. A zaure na tarar da Zailani. Ya miƙe ya karɓi jakata, abin da bai taɓa yi ba.

Na ce, "Ina Sadiq?"

Ya ce, "Ki shiga ciki tukuna."

Na ce, "Yana barci?"

Ya ce, "Suwaiba, sai haƙuri. Wanda ya ba mu ya karɓa."

Na shiga. Inna tana zaune a ƙasa, ta kama ƙafata tana kuka tana cewa in yafe mata. Na ce ba ta yi mani komai ba. Na zauna bakin gado. Aka kawo ruwa na sha. Mata suka shigo suna gaisuwa ina amsawa.

Gudawa ce da amai. Ta fara mashi Lahadi. Inna ta ɗauka haƙori ne, ta jiƙa mashi magani. Litinin ya daina karɓar madara. Zailani ya nemi mai babur ya kai su asibiti, ba man fetur, sai washegari aka samu, a hanya ya cika. Zailani ya ce ya hau tudun da mutane ke zuwa neman sabis ya yi ta kiran lambata, ya san ba za ta shiga ba, ya dai yi ta kira. Ya ba wani direba saƙo, direban bai zo Faskari ba a satin.

Yaya, a jakar da ya karɓa akwai ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa, irin wanda nake rabawa kullum. Ban taɓa barin ko ɗaya a gida ba. Ban san me ya sa ba. Na bar madara, na bar sabulu.

Ban yi kuka ba. Na jira ya zo, bai zo ba. Inna ta ce in yi ko zan ji sauƙi, na ce to. Hular da safar na ba maƙwabciyar da ta gudu ciki, tana da jariri.

Lahadi na dawo. Zailani ya ce in zauna ko sati ne, na ce kwantiragi ya kusa ƙarewa. Litinin na tsaya gaban mata na yi bayanin shayarwa. Hafiza ta ce in bari ta karɓe ni, na ce ba komai, na haddace.

Ina cin abinci. Kada ki damu.

Suwaibatu.


Kankara,
Nuwamba, 2021.

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba ki haƙurin da ba ni da shi.

Labari ya zo mana kafin takardarki. Ni da Malam muka kama hanya muka je Sabuwa, ina ta shirya abin da zan ce maki, muka isa aka ce kin koma aiki. Na tsaya a tsakar gidan nan na rasa inda zan sa kaina. Na so in biyo Faskari, Malam ya ce yamma ta yi, hanyar Sheme ba ta yamma ba ce.

Takardarki ta fi ba ni tsoro a kan rasuwar. Ke da kike kuka in an yanka kaza. Suwaibatu, ba a haka. Ki bar maganar ƙullin nan na jaka, kwanansa ne ya ƙare, ko likita ne a ɗakin sai ya tafi.

Zan gaya maki abin da na gani, don kada ki ji a bakin wasu. Inna ta rame, ba ta fita ko ƙofar gida. Mutanen unguwa suna magana, wasu na cewa kin zaɓi aiki, waɗanda kuma da kuɗin aikin aka yi ta ba su rance ba su ce komai ba. Na amsa wa ɗaya, Malam ya ja ni. Zailani ya raka mu mota. Ya ce mani, "Yaya, ki ce mata ta dawo gida. Ko ƙasa za mu ci, mu ci tare. Ni na nemo mata motar nan." Bai ƙarasa ba ya juya. Ba fushi yake da ke ba, da kansa yake.

Ni ban ce ki bar aiki ba, ban ce ki riƙe ba. Na ce ki zo Kankara ki kwana biyu a ɗakina, ki yi shiru in shiru kike so. In sun kore ki don wannan, su kora.

Ki ba Rabo amsa ko layi ɗaya ne.

Yayarki mai ƙaunarki,
Hajaratu.


Cibiyar Kula da Yara Masu Tamowa,
Faskari.
Disamba, 2021.

Malama Suwaibatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ina sanar da ke, kamar yadda nake sanar da sauran ma'aikata mata, cewa babban ofis ya amince da buƙatun da kuka gabatar. Daga farkon sabuwar shekara:

Duk ma'aikaciyar da ta haihu tana da hutun wata huɗu da cikakken albashi, kuma gurbinta yana nan har ta dawo. Kwantiragi ya koma na shekara guda. Za a gyara ɗakin da ke bayan ofishina ya zama na jarirai, da ƙofarsa daban, a ɗauki mai raino, kuma mai shayarwa za ta riƙa fita sau biyu a lokacin aiki. Alawus ɗin fita ƙauye ya zama ɗaya ga maza da mata. Wadda aka yi wa rasuwa ta kusa tana da hutun mako biyu.

Haka kuma an buɗe gurbin mataimakiyar shugabar cibiya, an ce a fara duba matan da ke cikin aiki. Na ba da sunanki, saboda daɗewarki da kuma iya aikinki. Ina jiran amsarki kafin ƙarshen wata. Baƙi za su zo buɗe ɗakin, kuma an so ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu ta yi magana.

Na gode.

Hajiya Nana Khadija,
Shugabar Cibiya.

Suwaibatu, wannan da hannuna nake ƙarawa. Na rubuta masu abin da ya faru, ban sa sunanki ba. Ban sani ba ko shi ya sa suka amsa, ko dama za su amsa. Maganar jawabi, in ba za ki iya ba ki bari, zan ce ba ki da lafiya. Hutun rasuwar na roƙa ya hau kanki tun yanzu, sun yarda. Ki ɗauka.


Faskari,
Janairu, 2022.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Ki yafe mani rashin amsa, da kuma kiranki da ba na ɗauka tun da sabis ya dawo. Ina ganin sunanki, sai in rasa da wace murya zan amsa. Rubutu ya fi mani sauƙi.

Hafiza ta ce ta gaya maki an amince da komai. Haka ne, duk abin da kika lissafa an ba mu, har da ƙari. Ranar da aka karanta mana mata suka yi ta guɗa, har biyun da suka ƙi sa hannu. Hafiza ta cire babban hijabin ta zauna da cikinta a fili. Sai suka tuna ina wurin, suka yi shiru. Na ce masu su ci gaba, abin murna ne. Kuma abin murna ne, na sani, kamar yadda na san yau Laraba.

An yi wa ɗakin shuɗin fenti, an sa katifu ƙanana da gidan sauro da randa mai murfi. Daga inda nake awo taku kaɗan ne. Ranar buɗewa na yi maganar. Na ce mun gode, Allah ya sa a ɗore, na zauna. Wata baƙuwa ta tambaye ni yarana nawa, Hajiya ta ja ta zuwa ganin ɗakin magani.

Hafiza ta sauka, mace. Tana gidansu, albashinta yana shiga. Na je barka na ɗauki yarinyar, ba nauyi, na mayar.

Hutun rasuwar ban ɗauka ba. Ban san inda zan je in zauna ba.

Zailani ya zo ranar Asabar. Ya zauna a dakalin ƙofar gidan hayarmu, na kawo mashi abinci. Na gaya mashi maganar sabon matsayi. Ya daɗe yana juya cokali.

Ya ce, "Kina so?"

Na ce, "Ban san abin da nake so ba. Amma in na bari, wani za a kawo daga Katsina, ɗakin nan kuma wata rana a mayar da shi na ajiyar kwali."

Ya ce, "To ni fa?"

Na ce ya dawo Faskari, shi da Inna, tunda gonar ba ta shiguwa, kwantiragin kuma yanzu na shekara ne, za a iya kama gida. Ya ce Inna ba za ta bar Sabuwa ba, can aka binne mahaifinsa, can aka binne yaron. Ya ce zai yi tunani. Ya bi motar la'asar.

Na karɓi aikin. Yanzu ni ke tsara wa mata lokacin fita shayarwa.

Zan zo Kankara, ban dai sa rana ba. A gaida Malam.

Suwaibatu.


Faskari,
Agusta, 2022.

Yaya Hajaratu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun yi sallah lafiya. Na gode da atamfar.

Zailani ya dawo nan tun bayan azumi, yana taya wani mai shagon hatsi. Inna ta ƙi zuwa, ƙanwarsa ce ke zaune da ita.

Ina da ciki, ya shiga wata na huɗu. Ke ce ta farko da na gaya wa, shi ma bai sani ba tukuna. Jiya Hajiya tana Katsina, sai ni na ɗauko takardar neman hutun na cike, na kuma sa hannu a wurin shugaba. Na duba ko zan ji wani abu a raina. Na ji yunwa, na aika aka sayo mani ƙosai.

In lokacin ya yi ina so in zo wurinki in haihu, in yi wankan a gidanki har in gama. Ki tambayi Malam ko ba damuwa. Kada ki kira ni a kan maganar, ki dai ba Rabo amsa.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Suwaibatu.